DALILAN DA KE SA KWAMFUTAR OFIS JINKIRIN TASHI DA JINKIRIN KASHEWA

Darasi domin Hakimai da Malamansu na ƙasar Illo da kewaye

1. MUHIMMANCIN AL'AMARIN

Ƙasar Illo tana bakin Kogin Kwara, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ƙarƙashin Masarautar Gwandu. Tun yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta bar Illo a ɓangaren Ingila, ƙasar ta zama bakin iyaka, yau kuwa Jamhuriyar Benin ce maƙwabciyarta. Aikin rubutu a irin wannan wuri ba ya ƙarewa. Akwai takardun shaidar asali, da na cinikin gona da fadama, da na sulhu tsakanin manoma da makiyaya, da jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, da rahoton ambaliya da na baƙin da ke shigowa ƙasa. Da can alƙalami da tawada ke ɗauke da wannan nauyi, daga baya tafireta ta karɓa. Yanzu a ofisoshi da dama kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta gaje su.

Kukan da malamai suka fi yi da ita iri biyu ne. Na fari, in an kunna ta sai ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta yarda a yi aiki da ita. Na biyu, in an gama aiki an ce ta mutu sai ta yi ta jan jiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Talaka ya kan taso daga ƙauyensu tun asuba, wani ma sai ya haye ruwa, ya zo ya zauna ƙofar Hakimi yana jiran takarda guda. In na'ura ta cinye rubu'in sa'a wajen tashi, ta ci lokacin talakan, ta kuma ci batirin da a ke lallaɓawa inda wutar lantarki ba ta zama kullum.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, jinkiri alama ce ta dalilai dabam dabam, ko wanne da maganinsa. Ana gano su ne bi da bi, a fara da wanda ba ya cin ko kwabo, a ƙare da wanda sai an kashe kuɗi. Akwai kuma magunguna biyu da suka fi cutar muni. Ɗaya shi ne danne maɓallin wuta a kashe na'ura ƙarfi da yaji. Ɗayan shi ne kai ta a yi mata fomatin, watau a share duk abin da ke cikinta, ba tare da an kwashe takardun jama'a ba.

2. YADDA NA'URA KE TASHI DA YADDA TA KE MUTUWA

Wanda bai san hanya ba ba ya gane inda aka ɓace. Tashin kwamfuta hawa uku ne, ya yi kama da buɗe fada da safe.

Hawa na fari, da an taɓa maɓalli sai wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin jikin na'urar, wadda a ke kira BIOS ko UEFI, ta farka. Ita ce kamar mai tsaron ƙofa. Ta kan duba kayan ciki ta ga ko suna nan lafiya, sa'an nan ta nemi faifan da babbar manhaja ke ciki. A wannan hawa ne a ke ganin tambarin kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar HP ko Dell ko Lenovo.

Hawa na biyu, sai a ɗebo babbar manhaja, wadda a yawancin ofisoshi Windows ce, daga faifai zuwa wurin aiki da a ke kira RAM. Faifai shi ne akwatin da littattafai ke kwana ciki, RAM kuwa shi ne teburin da malami ke baza su. A wannan hawa ne a ke ganin ɗige-ɗige suna juyawa.

Hawa na uku, bayan an shigar da kalmar sirri, sai ƙananan manhajoji su riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, kamar fadawa masu zuwa gaisuwa. In sun yi yawa, rana ta yi tsaka ba a fara sauraron ƙara ba.

Kashewa kuwa komawa baya ne. Windows ta kan aika wa ko wace manhaja cewa ta tattara kayanta, ta jira su rufe, ta mai da abin da ke bisa tebur cikin akwati, kana ta yanke wuta. In aka yanke wutar kafin a gama, abin da bai shiga akwati ba ya ɓata. Daga nan za a gane jinkirin kashewa da jinkirin tashi wa da ƙane ne. Malamin da ya ƙosa ya danne maɓalli da yamma, gobe da safe na'urar na iya tsayawa binciken ɓarnar da aka yi mata, tashinta ya ƙara tsawo. Shi kuma ya ƙara ƙosawa, ya sake dannewa, har ran da za ta ƙi tashi gaba ɗaya.

3. AYYUKA BIYU KAFIN A TAƁA KOME

Aiki na fari shi ne kwafe takardu. Kafin a gwada ko wane magani, lalle ne malami ya kwafe dukan takardun ofis ya zuba su a filas ko faifan waje, ya kuma buɗe biyu ko uku daga cikin kwafin ya tabbata suna karantuwa. A ajiye kwafin a akwatin Hakimi. Kada a sa shi jaka ɗaya da kwamfutar, gama abin da ya sami jakar ya same su duka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aiki na biyu shi ne awo. Malami ya ɗauki agogo ya rubuta lokuta huɗu a littafi: daga taɓa maɓalli zuwa ɓacewar tambarin kamfani, daga nan zuwa wurin kalmar sirri, daga nan zuwa sa'ad da takarda za ta buɗu ba gardama, sa'an nan daga ba da umurnin kashewa zuwa mutuwar fitilu. Ya yi haka kwana uku. Amfanin awon shi ne ya nuna hawan da jinkirin ya ke. Jinkiri a hawa na fari ya fi nuna kayan jiki ko abin da aka jona. A hawa na biyu ya fi nuna faifai. A hawa na uku ya fi nuna taron manhajoji. Bayan haka, ko wane magani aka gwada a sake awo, kuma kada a gwada biyu lokaci guda, domin a san wanda ya yi aiki.

Wata matsala da ta keɓanta da bakin iyaka ita ce harshe. Kwamfutar hannu da aka sayo ta wajen Benin, irin wadda a ke ce wa 'yar Kwatano, sau da yawa Faransanci ne a jikinta. Saboda haka inda aka ambaci suna da Turanci a darasin nan, mai irin wannan na'ura ya sani Shut down shi ne Arrêter, Restart shi ne Redémarrer, Task Manager kuwa shi ne Gestionnaire des tâches.

4. ABIN DA AKA JONA, DA CAJA

A fara da mafi sauƙi. A cire filas, da firinta, da waya, da katin ajiya, da duk abin da ke maƙale a jikin na'urar, sa'an nan a kunna. Sau da yawa mai tsaron ƙofar nan ya kan tsaya yana neman Windows a cikin filas kafin ya koma ga faifai. Har wa yau, kwamfutocin da suka fito daga manyan ofisoshin ƙasashen waje wasu an saita su su fara neman umurni ta wayar sadarwa ta ofis, su yi ta jira har su gaji. Maganinsa shi ne a shiga saitin BIOS a sa faifan ciki ya zama na fari. A Dell maɓallin F2 ke kai mutum can, a HP kuwa F10. Amma wanda bai saba ba kada ya sake kome a ciki ban da jerin nan.

In ko wace safiya na'ura ta tashi da kwanan wata na wata shekara da ta wuce, ko ta tsaya tana neman a gyara mata agogo, ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ne ya mutu. Kamar kwabo ya ke, a yawancinsu lambarsa CR2032, ba shi da tsada. Kada a raina wannan, gama takardar gona mai ɗauke da kwanan wata na ƙarya tana iya jawo rigima a gaban alƙali.

A duba caja kuma. Ko wace caja akwai ƙarfinta rubuce a jikinta, kamar wat 45 ko 65 ko 90. In aka sa wa na'ura cajar da ba ta kai bukatarta ba, ko jabu, wasu na'urori su kan yi gargaɗi tun a hawa na fari, sa'an nan su rage gudunsu da gangan. Bakin caja ya shiga rami bai isa shaida ba, sai an gwada lambar da ke jikinta da wadda kamfani ya ƙayyade.

5. TARON MANHAJOJI

Wannan shi ne dalilin da ya fi yawa, shi ne kuma ya fi sauƙin magani. Manhajoji da yawa, da an sa su cikin na'ura, sai su rubuta sunansu cikin masu tashi tare da ita, ko an bukace su ko ba a bukace su ba. Akwai na hira, da na kiɗa, da na sauke fina-finai, da na wayoyin da aka taɓa jonawa, da waɗanda mai sayarwa ya zuba domin ya burge mai saye.

Malami ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ya shiga sashen Startup, wanda a Windows 11 a ke kira Startup apps, a Faransanci kuwa kalmar Démarrage ce za ta jagorance shi. Zai ga jerin sunaye, gaban ko wanne an nuna nauyinsa, High ko Medium ko Low. Wanda ba ya cikin aikin ofis na kullum, a zaɓe shi a danna Disable. Wannan ba ya share manhajar, hana ta zuwa gaisuwar safe kawai ya yi, in an neme ta tana nan. A bar na tsaro, da na sauti, da na allon taɓawa. Wanda ba a gane ba a rubuta sunansa a tambaya.

Manhajar da aka tabbata ba ta da amfani ko kaɗan, gara a cire ta gaba ɗaya ta sashen Apps a cikin Settings. A duba faifai kuma kada ya cika maƙil, gama Windows tana bukatar fili na juyawa. Masu gyara su kan ba da shawara a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar babu kome. Hotunan biki da fina-finai ba su da gurbi a na'urar hukuma.

6. KASHEWAR DA BA TA CIKA BA

Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, aka shigo da wata dabara mai suna Fast Startup. In aka danna Shut down, na'urar ba ta kwashe teburin duka. Ta kan naɗe gindin aikin ta ajiye a faifai, da safe ta warware shi yadda ya ke, domin tashi ya yi sauri. Dabarar tana da amfani, amma tana da aibi guda: in wata tangarɗa ta shiga cikin naɗin, kullum da ita za a kwana da ita za a tashi. Restart kuwa shi ke share tebur a fara sabo.

Malami na iya ganin wannan da idonsa. A Task Manager, sashen Performance, ƙarƙashin CPU, akwai wurin da aka rubuta Up time. Zai yiwu ya ga kwana ashirin a nan, alhali ko wane dare yana kashewa. Saboda haka ƙa'ida ita ce a yi Restart sau ɗaya a mako, da kuma duk sa'ad da aka ga na'ura ta soma nauyi. In aka lura Restart yana tafiya lafiya amma Shut down da kunnawar safe suna wahala, a gwada kashe dabarar. Ana shiga Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do, sai Change settings that are currently unavailable, a cire alamar da ke gaban Turn on fast startup. A sake awo. In ba a ga bambanci ba a mai da ita.

7. SABUNTAWA DA SABIS NA BAKIN IYAKA

Kamfanin Microsoft ya kan fitar da gyare-gyaren tsaro na Windows ran Talata ta biyu ta ko wane wata. Na'ura ta kan sauko da su ta intanet, amma ba ta ƙarasa ɗora su sai lokacin kashewa da lokacin tashi. Shi ya sa wata rana a kan ga rubutu yana cewa kada a kashe, da lissafin kashi cikin ɗari yana tafiya sannu sannu. Wannan jinkiri na halal ne, haƙuri ne maganinsa. Yanke wuta a wannan hali yana cikin manyan abubuwan da ke lalata Windows.

A ƙauyukan bakin iyaka, kamar wajen Lolo da Tsamiya, sabis ya kan yi rauni, wani lokaci ma waya ta kama turken ƙetare. In da wayar a ke ba kwamfuta intanet, saukowar gyaran ta kan yanke a tsakiya, na'ura ta yi ta maimaita aiki guda. Dabara ita ce a shiga saitin Wi-Fi a kunna Metered connection, wanda ke rage saukar da kaya ba da izini ba, ya kuma tsimi data. Sa'an nan a keɓe rana guda a wata, inda sabis ke da ƙarfi kuma akwai tabbatacciyar wuta, ko ta sola ko ta janareta, a shiga Windows Update a bar na'ura ta gama sarai. Kada a fara wannan aiki da batir kaɗai.

8. BAIROS

Filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu ya kan dawo da tsaraba. Wadda aka fi sani ita ce mai ɓoye jakunkunan takardu ta bar gunkinsu kawai, in an danna sai cutar ta shiga. Irin waɗannan su kan tashi tare da na'ura, su yi ta aiki a ɓoye, su hana ta mutuwa da wuri. Manhajojin sata da a ke zubawa kyauta su ma ƙofa ce ta shigowarsu.

Windows 10 da Windows 11 suna da mai tsaronsu a ciki, Microsoft Defender, ana samunsa a Windows Security. A sa shi ya yi Full scan, a ba shi lokaci. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne tara masu tsaro. In aka sa manhajar kashe bairos biyu ko uku, sai su riƙa binciken juna, na'ura ta yi nauyi fiye da da. Wadda wa'adinta ya ƙare kuwa nauyi ce kawai. A cire su a bar ɗaya mai rai. Ofis ya kasance da filas nasa na kansa, baƙon filas kuwa a bincike shi kafin a buɗe.

9. ƘURA DA ZAFI

Cikin kwamfuta akwai fanka da ke fitar da zafi ta wasu ƙananan tagogi. Da hunturu ƙura ta kan toshe su, da bazara kuwa zafin ƙasar nan ya kan haura digiri 40. In ƙwaƙwalwar na'ura ta yi zafi sai ta rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone. Alamarsa ita ce fanka tana kuka tun daga kunnawa, ƙasan na'ura yana ƙuna, kuma ta fi sauri da sanyin safiya bisa ga tsakar rana.

Kada a ɗora ta bisa darduma ko matashi ko katifa, gama suna rufe tagogin. A sa ta bisa tebur ko allo mai tauri, a ɗan ɗaga bayanta. A rufe ta da ƙyalle in ta mutu ta huce, ba sa'ad da ta ke aiki ba. Bayan hunturu ya wuce, ya kyautu mai gyara ya buɗe ya share fankar.

10. FAIFAI DA TEBUR

In an bi duk waɗannan ba a ga sauƙi ba, sai a duba kayan jiki. Faifai iri biyu ne. Tsohon iri, HDD, faranti ne mai juyawa da hannu mai karatu a kansa. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irinsa a 1956, da faranti 50 masu faɗin inci 24, duka ba su ɗauki fiye da haruffa kamar miliyan 5 ba. Na kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti, yana karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa. Sabon iri, SSD, ba abin da ke motsi cikinsa. Ko mai arahar cikinsu yana kai wajen megabait 500 a daƙiƙa, wajen tsinto ƙananan fayiloli barkatai kuwa, wanda shi ne ainihin aikin tashi, ratar ta fi haka nesa. Na'ura mai lafiya mai SSD ta kan tashi cikin rabin minti ko ƙasa da haka.

Sashen Performance na Task Manager ya kan nuna irin faifan da ke ciki. In HDD ne, kuma ana ganinsa a kashi 100 minti da yawa bayan tashi, sauya shi da SSD shi ne gyaran da ya fi ko wanne biyan kuɗinsa, ya kuma fi sayen sabuwar na'ura sauƙi ƙwarai. SSD ya fi jure girgizar babur da ta kwalekwale. In kuwa aka ji faifai yana ƙas-ƙas, ko takardu suna ƙin buɗuwa, ajalinsa ya kusa. A daina ko wane gwaji, a kwashe takardu a ranar.

Teburin ma a duba shi. Windows 11, wadda ta fito a 2021, mafi ƙarancin abin da ta ke bukata shi ne RAM gigabait 4 da faifai gigabait 64, amma gigabait 8 ne ke ba da sukuni. Mafi yawan na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗanta ba, ɗora musu ita da dabara kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Har wa yau Hakimai su sani, Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 7 a Janairu 2020, ga Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025. Duk ofishin da zai sayi na'ura, sabuwa ko ta hannu, ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 bisa ƙa'ida.

11. LADUBBAN KASHEWA

Yawancin jinkirin kashewa daga wata manhaja ne da ta ƙi rufewa. Windows ta kan nuna sunanta ta ce ita ce ta hana. Sau da yawa takarda ce da ba a adana ba, ko aikin da aka tura wa firinta bai fita ba. Malami ya rubuta sunan. In suna guda ke fitowa kullum, an kama ɓarawon, sai a sabunta manhajar ko a cire ta.

Tsarin da ya dace shi ne, a adana ko wace takarda, a rufe ko wace manhaja da hannu, a fitar da filas ta hanyar Eject, sa'an nan a danna Shut down. A jira fitilu su mutu, fanka ta yi shiru, kana a rufe murfi a sa a jaka. Baƙin allo bai nuna an gama ba. Na'urar da aka cusa a jaka da sauran rai za ta yi zafi, batirinta ya tsiyaye, in kuwa faifanta mai juyawa ne girgizar hanya na iya raunata shi. In hutun salla ko na cin abinci ne kawai, Sleep ya wadatar.

Danne maɓallin wuta ba ya halatta sai na'ura ta sandare sarai, an jira lokaci mai tsawo, ba rubutun sabuntawa a allo, ba kuma alamar faifai yana aiki.

12. MAI GYARA, DA ABIN DA KE WUYAN HAKIMI

In lamari ya kai ga mai gyara, ko a Bagudo ko a Birnin Kebbi, malami ya fara sanar da Hakimi da bayani mai kan gado. Faɗar cewa na'ura ta lalace bai wadatar ba. Ga irin yadda ya kamata: "Ranka shi daɗe, na auna kwana uku, tana cin minti shida a hawa na biyu. Na rage manhajoji, na bincika bairos, ba ta sake ba. Faifanta tsohon iri ne. Takardu duka na kwafe, suna akwati." Da irin wannan bayani Hakimi zai san abin da zai ba da kuɗi a kansa, mai gyara kuma ba zai sami hanyar lalube cikin duhu ba.

Hakimi ya kafa sharuɗɗa huɗu. Kada a yi fomatin sai da izininsa, bayan ya ga kwafin da idonsa. Malami ya zauna wurin gyaran har a gama. In an sauya faifai, tsohon ya dawo ofis, gama takardun suna nan cikinsa. In na'urar tana da kullen BitLocker, a nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 a rubuta a ajiye kafin a taɓa cikinta, domin in ta nema ba a samu ba, takardun sun kulle ke nan.

Dalilin wannan tsanani shi ne, abin da ke cikin na'urar amanar jama'a ce: sunayensu, da iyakokin gonakinsu, da asirin sulhun da aka yi tsakaninsu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni 2023, ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Tun kafin dokar ma, al'adar sarauta ba ta yarda littafin Hakimi ya kwana a kasuwa ba.

13. TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne ne hawa uku na tashin kwamfuta, kuma me jinkiri a ko wannensu ya fi nunawa?
2. Ta yaya danne maɓalli da yamma ke jawo jinkiri da safe?
3. Mene ne bambancin Shut down da Restart, kuma sau nawa ya kamata a yi na biyun?
4. Malami ya ji faifai yana ƙas-ƙas. Me zai yi a ranar, me kuma zai bari?
5. Waɗanne sharuɗɗa huɗu Hakimi zai kafa kafin na'urar ofis ta tafi wurin mai gyara?

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su amsa waɗannan a rubuce, su kuma buɗe shafi a littafin ofis inda za a riƙa shigar da awon na'ura da ranar da aka kwafe takardu, farkon ko wane wata.